Fakhruddeen da Ƙararrawar Makaranta

Duk Ƙofar Wambai babu wanda bai san Fakhruddeen ba, kuma ba don wani abin kirki da ya taɓa ƙullawa ba. Bakinsa ne ya tallata shi. Irin mutanen nan ne da in ka ce ka ga jirgin sama ya wuce, sai ya ce maka da yanzu shi ke tuƙa shi, 'yan baƙin ciki ne suka ɓoye masa takarda. Karatunsa a sakandare ya tsaya. Sakamakon ma in ka tambaya sai ya ce hukumar jarrabawa ce ta riƙe, wai makin ya yi yawa ana bincike. Ana wannan binciken har ya yi aure ya haifi 'ya'ya biyu.

Cinsa da shansa duk a wuyan yayansa suke, Alhaji Hammadu, mai rumfar hatsi a Kasuwar Muda Lawal. Alhaji ya daɗe yana lallaɓa shi ya zo ya riƙe masa awo a rumfa, shi kuwa gogan ya ce hannun da aka halitta don alƙalami ba zai ƙare a mudu ba. Rannan dai Alhaji ya gaji, ya tare shi a zaure.

"Fakhruddeen, daga ƙarshen watan nan na daina aiko da masara gidanka. Ko ka samo aikin da zai riƙe iyalinka, ko ka zo rumfa ka kama mudu."

"Haba Yaya, ni da mudu? Mutanen da suke tashi su ba ni kujera a majalisa su zo su tarar da ni ina awon gero?"

"Majalisar suke bar maka gaba ɗaya, ba kujera kaɗai ba. Ƙarshen wata na ce."

Maganar ta shige shi, don duk cika bakinsa babu abin da yake tsoro a duniya kamar a gan shi tsugune gaban buhu da mudu a hannu. Ya bazama neman aikin da ya dace da darajarsa. Cikin ikon Allah sai ya ji labarin wata makarantar firamare ta kuɗi a Ɗan Iya, Hasken Gobe, malamar aji huɗu ta tafi hutun haihuwa ana neman mai riƙe mata aji. Ya aro kwat a wajen wani tela, ya sayi biro uku ya jera a aljihu, ya faɗa ofishin shugabar makarantar, Madam Agnes.

Madam Agnes mace ce da ba ta da lokacin dogon zance. Ta dube shi ta saman gilashi.

"Kana da NCE?"

"Madam, NCE ai ƙaramin abu ne. Masu NCE nawa na zaunar na warware wa..."

"Kana da ita ko ba ka da ita?"

"Tana hanya."

"Difloma fa?"

"Tare suke tahowa."

"To kafin su iso, ga tsarinmu. Mai takarda shi ne malami, albashi yake ɗauka duk wata. Marar takarda riƙo kawai yake yi kafin mai aji ta dawo, kuma kuɗin darasi ake biyansa. Darasi ɗaya, naira ɗari."

"Yaya ake gane darasi ya ƙare?"

"Za ka ji ƙararrawa."

Da yamma labarin da ya isa majalisar mai shayi shi ne, wai an roƙe shi ya zo ya ceto wata makaranta, har shugabar ta yi ƙwalla da ya amince. Ya kafa doka cewa daga ranar duk mai son magana da shi ya fara da Malam. Mutane suka ce to, Allah ya sanya alheri, aka ci gaba da shan shayi.

Bai yi nisa da fara aikin ba ya gane cewa an yi masa sakiya. Abin da yake samu a yini, kuɗin keke daga Ƙofar Wambai zuwa Ɗan Iya da dawowa ne ke cinye mafi yawansa. Ragowar kuwa ko cefanen miya ba za ta yi ba. Ga ƙarshen wata yana ta matsowa, ga mudu yana jiransa. Abin ya dame shi ƙwarai, har cika bakin ma ya ɗan ragu.

Ƙararrawar makarantar ba wata aba ce ta a-zo-a-gani ba. Tsohon wilin mota ne aka rataye da igiya a jikin dogon yaro a tsakar fili, da guntun rodi da ake bugawa. Mai bugun kuwa maigadin makarantar ne, Baba Hammawa, dattijo mai tsohon agogo da ba ya gaggawa. Bugu ɗaya, canjin darasi. Bugu biyu, a fita tara, yara su je su ci abinci. In aka yi ta rafkawa ba ƙaƙƙautawa, an tashi ke nan.

Wata safiya Fakhruddeen yana tsaye bakin taga, ya gama duk abin da ya sani a lissafi amma darasin ya ƙi ƙarewa, sai ya ga Baba Hammawa ya taso a hankali ya ɗaga rodi. Gwam. Nan take kansa ya buɗe. Wannan gwam ɗin fa naira ɗari ce. Ashe arzikinsa ba a allo yake ba, yana hannun wani tsoho da sai ya ga dama yake tashi. Ya jinjina wa kansa, ya ce shi ya sa ake tsoron masu basira a ƙasar nan.

Sai ga dama ta zo da ƙafarta. A makon ƙarshe na wata Madam Agnes ta tafi Jos bikin 'yar ƙanwarta, Baba Hammawa kuma ya nemi izini zai je ruga duba ɗan'uwansa marar lafiya. Aka bar makarantar a hannun Malam Mansir na aji shida. Shi Malam Mansir yana da NCE ɗinsa cas, amma zuciyarsa tana wata 'yar rumfar POS da ya kafa a bakin titi. Da ya tambayi wanda zai riƙa buga ƙararrawa, bai rufe baki ba Fakhruddeen ya ɗauke rodi.

"Kana da agogo?" in ji Malam Mansir.

"Agogo na masu ƙaramin kai ne. Ni lokaci a jinina yake."

Ranar Litinin aka ga aiki. Yara suka shiga aji, malamai suka rubuta kwanan wata a allo, gwam. Malamar aji biyu ta rufe littafin karatu ta buɗe na lissafi, kafin ta ce biyu a tara da biyu, gwam. Malamin aji biyar yana tsakiyar zana taswirar Nijeriya, bai ko iso Kogin Kwara ba, gwam. Fakhruddeen kuwa ya zama ɗan tsere, daga aji zuwa gindin dogon yaro, daga dogon yaro zuwa aji, kwat tana tashi a bayansa. Tara ma da ƙyar ya bari yara suka leƙa ƙofa ya mai da su. Hantsi bai gama dubawa ba sai ga Malam Mansir ya fito yana kaɗe alli daga hannunsa.

"Malam Fakhruddeen, sai ka buga tashi."

"Tashi kuma? Yanzu fa aka fara."

"Darasi takwas ne a jadawali, mun yi takwas. Kai ka buga su da hannunka."

Kafin ya sami amsa Malam Mansir ya karɓi rodi ya yi ta rafka wa wilin. Yara suka fashe da ihun murna suka yi waje. Malamai suka biyo layi suna ba Fakhruddeen hannu. Malamin aji biyar ya ce shekarunsa da yawa a koyarwa amma bai taɓa ganin gwani irinsa ba. Malamar aji biyu ta ce Allah ya ƙara wa Baba Hammawa hutu. Fakhruddeen ya karɓi yabon nan duka ya zuba a aljihu. Sai da fili ya zama wayam ya tuna cewa duk gudun da ya sha, darasi takwas ɗin nan dai na kullum ya koyar, ko sisi bai ƙaru ba.

Abin da bai sani ba, kuma bai taɓa damuwa ya sani ba, shi ne wilin nan ba na makaranta kaɗai ba ne. Rabin layin da shi suke sanin lokaci. Inna Habibatu mai awara a bakin ƙofa, da bugun canjin darasi na biyu take hura wuta don awara ta fito da zafinta daidai tara. Ranar nan tana neman ashana aka fito tara, tana ɗora kasko aka koma, awara na yin ja aka tashi. Matan unguwa da suka saba ɗora tukunya in tashi ya kusa, suka buɗe ƙofa suka ga yara da jaka suna cewa yunwa. Masu keken da ke kwasar yara suka zo da azahar suka tarar da makaranta a kulle. Malam Abdulmuhaimin kuwa, ladanin masallacin bayan katanga, dattijo ne da ido ya yi wa rauni, da bugun tashi yake sanin ya yi alwala ya kunna lasifika. Ya yi alwalarsa tsaf, ya share masallaci, har ya yi gyaran murya, sai da maƙwabcinsa ya rugo ya riƙe masa hannu ya ce Malam dubi inuwa.

Fakhruddeen ya kwana ya gano inda matsalar take. Ba shi ya yi kuskure ba, a'a, rodi ne ya faɗa hannun jahili. Ranar Talata ya zo da igiya ya ɗaure rodin a ƙugunsa. Ya yanke hukunci cewa yau babu tara, babu tashi, sai darasi kawai, tunda su biyun nan ba a biyan kuɗinsu.

Takwas ɗin jadawali suka ƙare da wuri kamar jiya. Sauran malamai suka jira tashi, shiru. Suka jawo benci inuwa suka kafa hira, wata ta fito da gyaɗa tana ɓarewa. Shi kuwa gogan ya shiga ƙirƙiro darussan da ma'aikatar ilimi ba ta taɓa mafarkinsu ba. Aka yi Ilimin Tsallaka Titi, gwam. Aka yi Tarihin Manyan Mutanen Ƙofar Wambai, wanda mutum ɗaya ne tak ya fito a cikinsa, gwam. Aka yi Ilimin Yin Shiru, aka maimaita shi saboda babu wanda ya ci. Yara suka yi laushi, na aji ɗaya suka fara kuka, wasu suka yi abin da yaro ke yi in an hana shi fita.

Inna Habibatu, da ta sha wuya jiya, yau tun da sassafe ta soya awararta ta jera a faranti tana jira. Awara ta huce, ta sandare, ƙuda suka fara kawo ziyara. Ta taso ta leƙo ta ƙofa daidai lokacin da ya zo bugu.

"Kai malamin ƙarfe, yaushe za a fito tara?"

"Inna, sunana Malam Fakhruddeen. Kuma an soke tara."

"Wa ya soke?"

"Hukuma."

"Hukumar ce wannan da igiya a ƙugu? Jiya ka fito da su ban soya ba, yau na soya ka hana su fitowa. Ɗan nan, da ni kake yi?"

"Harkar ilimi ce, Inna. Ta fi ƙarfin kasko."

"To zauna nan, kaskon zai zo ya same ka."

Bai buga tashi ba sai da masu keke suka cika layin da hon, iyaye suka fara dukan ƙofa. Malam Abdulmuhaimin yana zaune yana jiran ƙararrawa har lokacin kiran salla ya gota, sai da liman ya aiko a duba ko lafiya. Da aka saki yaran, da gudu suka wuce Inna, ko kallon awarar ba su yi ba, kowa gidansu ya nufa.

Da yamma Fakhruddeen ya shiga majalisa yana tafiya da ƙyar, kafaɗa ta kumbura da bugun ƙarfe, amma baki lafiya lau. Ya ce a kwana biyu ya koyar da abin da masu NCE ke jan ƙafa a kai wata guda. Ya ce yanzu haka makarantar ba ta motsi sai da izininsa, wannan kam bai yi ƙarya ba. Har ya kira yayansa a waya, ya sa a lasifika don kowa ya ji.

"Yaya, ranar Alhamis ka zo Ɗan Iya da hantsi ka ga yadda ake riƙe makaranta. Ka taho da mudun naka, in sa yara su zana shi."

"Zan zo," in ji Alhaji Hammadu, ya kashe waya.

Ranar Laraba Malam Mansir ya same shi a gindin bishiya. Tashin hantsin Litinin ya yi masa daɗi, zaman banzan Talata kuwa ya ja masa asarar ciniki, don haka ya zo da shawara irin ta masoya.

"Malam Fakhruddeen, ni fa tausayinka nake ji. Mutum mai ilimi kamarka a aji guda kacal? Ka san dai a tsarin Madam, duk ajin da malaminsa ba ya nan, wanda ya riƙe shi ne ke cin kuɗin darasin."

Fakhruddeen ya tsaya cak. "Kowane aji?"

"Kowane aji. Mu da muke da albashi, mu zo ko kada mu zo, duk ɗaya ne. Amma ina, ba za ka iya da azuzuwa shida kai kaɗai ba."

"Wa ya ce? Malam Mansir, ni da za a haɗa mini duk makarantun Bauchi a filin wasa, da makirfo ɗaya zan gama da su."

"Ai na sani. Shi ya sa na ce bari in faɗa maka."

Kafin a tashi, Fakhruddeen ya bi malamai aji-aji yana ba su hutun gobe, kamar makarantar gadonsa ce. Babu wanda ya yi masa gardama. Malamar aji biyu ma cewa ta yi ko zai haɗa da Juma'a. Shi kuwa lissafi kawai yake yi a zuci: gwam ɗaya, azuzuwa shida. Har ya fara tunanin kalar babur ɗin da zai saya.

Alhamis ta zo. Ya tattaro yaran makarantar kaf, tun daga masu majina har masu shirin jarrabawar fita, ya zube su a fili ƙarƙashin dogon yaro. Ya jawo tebur ya hau, wili a gefen damansa, rodi a hannu, igiyar rodin a ƙugu. Yau ko gudun zuwa aji ya huta.

"Darasi na farko, lissafi. Ɗaya da ɗaya?"

"Biyu," in ji yara.

Gwam.

"Hausa. Wane ne ya fi kowa ilimi a nan?"

Wata 'yar aji uku ta ce Madam.

"An faɗi wannan darasin, za a sake." Gwam.

Tun ana amsa masa har aka daina. 'Yan aji shida suka dunƙule leda suka fara ƙwallo a bayan fili. 'Yan aji ɗaya suka haɗa baki suka kama kuka. Wasu suka hau bishiya, wasu suka buɗe famfo suna watsa wa juna ruwa, biyu suna dambe a ƙarƙashin teburin da yake tsaye a kai. Fakhruddeen bai damu ba. In dai yaro yana cikin fili, a wajensa ɗalibi ne, kuma kuɗi ne. Ya bar ma tambaya, sai ya ambaci sunan darasi kawai ya buga. Kimiyya, gwam. Addini, gwam. Tsafta, gwam.

Ita kuwa igiyar da ke riƙe da wilin, tun zamanin da aka kafa makarantar take wurin, kuma bugun da ta sha a kwanakin nan ya fi na shekara. Ya ɗaga rodi da hannu biyu zai buga Tarihi, ya sauke da ƙarfinsa duka, igiya ta ce ɓat. Wili ya faɗo a tsaye, ya yi tsalle, ya kama gangara. Filin makarantar dama gangare ne zuwa ƙofa, ƙofar kuma yau a buɗe take tunda maigadi ya tafi ruga. Wili ya bi kan duwatsu yana ƙara, gwaram gwaram gwaram, ba ƙaƙƙautawa. To, kowane yaro a Hasken Gobe ya san ma'anar wannan ƙarar.

"An tashi!"

Yara suka ɗunguma bayan wili. Fakhruddeen ya yi tsalle daga tebur zai tare ƙofa, rodin da ke rataye a ƙugunsa ya shiga tsakanin ƙafafunsa, ya kife a ƙasa, yara suka bi ta gefensa wasu ta kansa. Ya tashi da ƙasa a baki, hannun kwat ɗin aro ya rabu da kafaɗa, ya bi su yana kiran a dawo ba a gama Tarihi ba. Wili ya fita titi, ya nufi teburin Inna Habibatu kamar an aike shi, ya daki ƙafar teburin. Faranti ya tashi sama, awara ta watse a ƙasa, awakin layin suka samu walima. Daga bayan katanga aka ji lasifikar masallaci ta yi ƙara alamar an kunna, sai kuma muryar wani yana cewa Malam tsaya, tsaya, ba yanzu ba.

Daidai nan wani keke ya tsaya, Madam Agnes ta sauko da jakar tafiyarta. Iyaye ne suka dame ta da waya har ta baro bikin ba a gama ba. Bayanta kaɗan sai ga Alhaji Hammadu a kan babur, ya zo ganin yadda ake riƙe makaranta. Ya kashe babur ya gyara tsayuwa, don ya ga alamar ya zo a kan lokaci.

Kafin ka ce me, layin ya cika. Matan unguwa sun fito da mayafai a karkace, masu keke sun yi fakin, masu shaguna sun bar shagunansu. Inna Habibatu ta iso da kasko a hannu kamar yadda ta yi alkawari. Aka riƙo hannun Malam Abdulmuhaimin, ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba.

"Ina yaron da ke wasa da ƙarfen nan?" in ji ladan. "Tun Litinin ban san safe ba ban san rana ba. Ni da alwala har fatar hannuna ta yi fari."

"Ga shi nan, Malam, mai hannun riga ɗaya," in ji Inna.

Madam Agnes ta dubi yaran da suka watsu a titi, ta dubi wili a cikin kwata, ta dubi Fakhruddeen.

"Ina malamaina?"

"Na ba su hutu, Madam."

"Ka ba su hutu."

"Don ci gaban makaranta. Kuma tunda Allah ya kawo ki, ga Yayana nan shaida, sai a yi lissafina a gaban jama'a. Daga Litinin zuwa yau na koyar da darasi ya fi ɗari huɗu. Na yau kowanne sau shida ne. Na yafe miki Tarihi, tunda bai ƙarasa ba."

Wani mai keke ya ce Allahu Akbar, wannan ai farfesa ne. Jama'a suka kwashe da dariya. Madam ba ta yi dariya ba.

"Darasi a makarantar nan minti arba'in ne. A cikin ɗari huɗun naka, wanne ne ya kai?"

"Madam, ba a yi maganar minti ba. Ke da bakinki kika ce in na ji ƙararrawa darasi ya ƙare."

"Na ce za ka ji. Ban ce za ka buga ba."

Fakhruddeen ya waiga neman mai taimako, sai ya hango Malam Mansir ya leƙo daga rumfar POS ɗinsa.

"Ga Malam Mansir nan, shi ya ce..."

"Ni?" in ji Malam Mansir. "Ni dai na ce ba za ka iya ba. Ko ban ce ba?"

"Kai kuma mu haɗu a ofis, da kai da NCE ɗinka," in ji Madam. Ta juyo kan Fakhruddeen. "Makon nan ba ka da ko kwabo. Na makonnin baya kuma za a biya Inna awararta, a sayi igiya, abin da ya rage ka kai wa mai kwat. Kwance mini rodina."

Ƙullin ya ƙi kwancewa, don da ya ɗaure shi bai yi niyyar rabuwa da shi ba. Sai da Inna ta ba da wuƙar yankan awara aka yanke igiyar a gaban kowa. Kunya ta kama Fakhruddeen, irin wadda bai taɓa ji ba, har ya rasa inda zai sa idonsa. Ga aiki ya tafi, ga wata ya ƙare, ga gida babu masara. Ya ja ƙafa zuwa wajen yayansa, ya rage murya yadda jama'a ba za su ji ba, amma jama'a suka matso.

"Yaya, na yi tunani. Harkar ilimi ta lalace a ƙasar nan, ba a san darajar mutane ba. Zan zo rumfar in taimaka maka. Gobe sai a ba ni mudun."

Alhaji Hammadu ya girgiza kai.

"Da na yi niyya. Amma mutumin da aka ba shi darasin 'ya'yan mutane ya tauye shi haka, in na ba shi mudu ai wuta zai kai ni. Ba za ka taɓa mini awo ba. Akwai dai dako, daga mota zuwa rumfa."

Fakhruddeen ya dubi jama'a, ya dubi ƙasa. Can sai aka ga idonsa ya ɗan yi haske.

"Dakon nan, Yaya, kowane buhu ake biya?"

"Kowane buhu," in ji Alhaji, yana tayar da babur. "Cikakke. Kuma ni zan ƙirga."